Ƙorafin Ɗakin Malamai da Haƙƙin Ɗan Zango

Malamaina, iyayena maza da mata, shugabannin makarantu, da 'yan uwana masu riƙe alli a Nima da Maamobi da Kanda da Newtown, ina yi muku barka da zuwa.

Zan fara da wata safiya da har yau take damuna. Ina shugabantar wata makaranta a nan yankinmu, sai na tarar da malamai biyu suna sa-in-sa a ɗakin malamai a kan kujerar da ke ƙarƙashin fanka. Ɗaya ya ce shekara uku yana zama a wurin, ɗayan ya ce kujera ba gadon gidan kowa ba ce. Kafin a raba su darasin farko ya wuce. Da na leƙa aji huɗu, sai na ga wata yarinya tana barci a kan benci. Tun asuba take taya mahaifiyarta sayar da koko da ƙosai, ta yi gudu don kada ta makara, ta iso ta tarar babu mai karantar da ita. Ita ta cika alkawarinta. Mu ne muka saɓa namu.

Kafin wani ya ce tsohon shugaba ya zo yi wa malamai faɗa, bari in faɗi abin da na sani na wahalar aikin nan. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Malamin da ke zaune a Kasoa ko Ashaiman, saboda kuɗin haya na shekara biyu da masu gida ke nema a tsakiyar Accra ya fi ƙarfinsa, yana fitowa tun duhu ya bi layin trotro. A watan Yuli na 2022 ƙungiyoyin malamai na GNAT da NAGRAT da CCT da TEWU suka tafi yajin aiki suna neman alawus na tsadar rayuwa, kashi 20 suka nema, aka daidaita a kan 15. Wannan koke ne na gaskiya, kuma na goyi bayansa. Ajin da ya cika har yara na zama uku uku a benci ɗaya, ƙarin girman da ke maƙalewa a ofis, littattafan sabuwar manhajar 2019 da suka daɗe ba su iso ba, duk abin a ɗaga murya ne a kansu.

Amma koke daban, ƙorafi daban. Koke yana da inda ake kai shi, yana da takarda, yana da abin da ake so a gyara. Ƙorafi kuwa yawo yake yi daga baki zuwa kunne. Me ya sa aka ba ni darasin ƙarshe ranar Juma'a? Me ya sa wance ta wuce ba ta gaishe ni ba? Sunana ya zo na bakwai a jerin masu aikin mako alhali na riga wane shigowa. Da aka yi suna a gidana asusun taimakon juna ya ba ni kaza, da aka yi a gidan wane an ba shi fiye. Yanzu kuma duk wannan ya koma WhatsApp, inda magana ɗaya ta dare take kwana ta tashi da ƙafafu goma. Na ga malamin da bai taɓa rubuta wasiƙa ɗaya a kan rufin ajinsa mai yoyo ba, amma ya yi sati biyu yana fushi saboda rabon lemo a ranar raba sakamako.

Illar ba ta tsaya ga lokacin da ake ɓatawa ba. Shugaban makarantar da ya saurari ƙananan maganganu goma sha biyar tun safe, idan ta goma sha shida ta zo, ko da ita ce mai muhimmanci, kunnensa ya riga ya toshe. Haka jami'in da ke zagayen duba makarantu. Haka iyaye. Idan muka saba kuka a kan ƙaiƙayi, ranar da ciwo na gaske ya zo ba mai waiwayo.

Mu tuna daga ina muka fito. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Kete-Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya karantar har Allah ya karɓi ransa a 1934, kuma ɗalibansa sun bazu a zangunan ƙasar nan. Da Malam Amadu Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, makarantar allo tana cikin abubuwan farko da suka tsaya da ƙafafunsu. Malaman nan ba su da albashi. Kuɗin Laraba ne, da ɗan abin sadaka, da abin da sana'ar hannunsu ta kawo. Ba ina cewa mu koma can ba. Da yawansu sun rayu cikin ƙunci da bai kamata ba, kuma bulalar da wasu suka yi amfani da ita ta kori yara da dama daga karatu. Hukumar ilimi ta ƙasa ta hana duka a 2017, kuma ta yi daidai. Abin da nake so mu ɗauko daga gare su guda ɗaya ne: malami ya ɗauki yaron da ke gabansa a matsayin amana, ya san cewa zai amsa tambaya a kansa. Malamina na allo yakan aiko babban ɗalibi har ƙofar gidanmu idan ban zo ba kwana biyu. Yau yaro yakan ɓace wata guda, yana bin masu babur ko yana dako a kasuwar Nima ranar Laraba, alamar rashin zuwa kawai ake sa masa a rajista.

Me ya canza? Ina ganin aikin ya zama zango a hanya ga matasa da yawa. Saurayi ya gama kwalejin horar da malamai, ya ci jarrabawar lasisi da aka fara a 2018, an turo shi Maamobi, amma zuciyarsa tana kan biza ko wani aikin ofis. Wani kuma ya iso da labarin da ya ji tun yana yaro, cewa yaran Zango ba sa jin magana, iyayensu ba su damu da boko ba. Wanda ya shigo da wannan a ransa, duk abin da ya gani hujja ce. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Mu da muka riga shi ba mu karɓe shi ba. Ba mu zagaya da shi lungunan unguwa ya ga ɗakin da mutum takwas ke kwana ba, ba mu kai shi ya gaida liman da mai unguwa ba. Mun nuna masa kujerarsa a ɗakin malamai, muka koya masa wa ake gaba da shi.

Akwai wata ɓaraka da ta fi kowace ci mini rai, domin tamu ce ta cikin gida. Tun 1987, da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, makarantunmu da yawa suka haɗa boko da Arabiyya a rufi ɗaya. Wannan shi ya buɗe wa dubban yaran Zango ƙofar jarrabawar BECE ba tare da iyayensu sun ji tsoron za a raba su da addini ba. Amma shiga ɗakin malamai ka gani. Masu boko a gefe guda, malaman Arabiyya a gefe guda, wani lokaci ma a waje ƙarƙashin inuwa. Wannan yana cewa darasin Arabiyya yana cinye masa lokaci, wancan yana cewa ana raina shi don ba ya jin Turanci sosai. Alhali da yawa daga malaman Arabiyya ba sa cikin tsarin albashi na dindindin. Ɗan alawus ne, ya zo yau, gobe ya yi watanni shiru. Na yi aiki da wani dattijo a cikinsu wanda ya fi kowa sammako, shi ke share gaban ajinsa, kuma ban taɓa jin ya yi maganar kujera ko fanka ba. Shi ne ya fi kowa haƙƙin kuka a ginin nan, kuma mu masu albashi ba mu taɓa sa hannu a takarda ɗaya saboda shi ba. Ina tuna wannan da nauyi a zuciyata.

Ku shugabannin makarantu, kuna da naku kason. Yawancin ƙananan maganganu daga duhu suke tsirowa. Idan ba a san yadda aka kashe kuɗin tallafin da gwamnati ke bayarwa bisa yawan yara ba, idan kullum mutum ɗaya ake turawa bita inda ake ba da kuɗin mota, idan shugaba ya makara amma ya ja jan layi a littafin sa hannu saboda wasu, to shi ya shuka abin da yake girba. Liƙa lissafin a bango. Yi jadawalin darussa a gaban kowa. Riga kowa zuwa.

Ku kuma iyayena, kada ku bari sai ranar da aka taɓa ɗanku za mu ga fuskarku. Hajiya, ko minti goma ne, ki bar tukunyar waakye a hannun wani ki leƙo ki tambayi malamin ɗiyarki yaya karatunta. Malamin da ya san uwa za ta zo tambaya ba ya barin aji ya tafi gardamar kujera.

Manhajar 2019 ta ware mana lokaci a kowane mako domin malamai su zauna su tattauna aikinsu. A makarantu da dama zaman nan ya koma sa hannu a tashi, ko kuma dandalin tsegumi. Ina roƙon a zaman mako mai zuwa a kira malaman Arabiyya su shigo ciki su zauna a tebur ɗaya. A buɗe rajista, a fitar da sunan duk yaron da ya yi kwana biyar bai zo ba, a raba sunayen, kowane malami ya taka har gidansu kafin Juma'a. Sannan a rubuta wasiƙa ɗaya zuwa ofishin ilimi na Ayawaso a kan alawus ɗin malaman Arabiyya da ya maƙale, kowa da kowa ya sa hannu, har da wanda ke zaune ƙarƙashin fanka.