Asarar Bana, Rangwamen Baɗi: Jawabi ga Masu Kamfanoni Daga Cikinmu

 

An nemi in yi magana a kan haraji, ni kuwa na zaɓi kusurwa ɗaya daga cikinsa, wato yadda kamfani zai yi da shekarar da ya faɗi. Na zaɓe ta ne saboda 'ya'yanmu da yawa sun yi wa sana'o'insu rajista da hukumar CAC, wasu na casar shinkafa, wasu na sufuri, wasu na hatsi a Dawanau, kuma babu ɗan kasuwar da bai taɓa ganin baƙar shekara ba.

Mu da muka manyanta mun san inda tsoron haraji ya samo asali. A da, harajin kai da jangali ba ruwansu da damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Magidanci ya biya, ko ya sayar da akuya, ko ya bar gari, har Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano a 1979. Wannan tsoro muka gada, shi ya sa ɗan kasuwarmu da ya ji sunan haraji sai ya ɓoye littafinsa. To, harajin kamfani a kan riba ake ɗora shi, kuma doka ta san da asara.

Asara kuwa ba sai an yi sakaci take zuwa ba. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir a gonakin rani na Kadawa da kewaye, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke can ta dakatar da aiki don rashin abin sarrafawa. A shekarar ce kuma gobara ta laƙume kasuwar Sabon Gari. A 2023 darajar naira ta faɗi, masu shigo da kaya suka ji a jikinsu.

Ga abin da doka ta tanada. Kamfanin da ya yi asara a sana'arsa yana da damar ɗaukar wannan asara zuwa shekarun gaba, ya cire ta daga ribar wannan sana'a kafin a yanka masa haraji. A da wa'adin shekara 4 ne ga yawancin kamfanoni, amma gyaran dokar da aka yi a 2007 ya cire wa'adin. Sai dai a Nijeriya gaba ake kai asara, ba a komawa da ita baya a ce gwamnati ta dawo da harajin bara.

Bari mu yi lissafi irin na aji shida. A ce kamfanin casar shinkafa ya yi asarar naira miliyan 20 bana, baɗi kuma ya ci ribar miliyan 30. Harajin kamfanin da ya wuce matakin ƙanana kashi 30 ne cikin 100. Idan ba a rubuta asarar ba, harajin baɗi miliyan 9 ne. Idan an rubuta, sai a cire 20 daga 30, saura 10, harajinsa miliyan 3. Bambancin miliyan 6 ke nan, kuɗin da zai sayi buhunan shanshera masu yawa.

Wannan miliyan 6 ita ce akantoci ke kira kadarar harajin da aka jinkirta. Tun a shekarar asarar suke rubuta ta a jerin abin da kamfani ya mallaka, domin rangwame ne da ke jiran sa a gaba. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 12 ce ta tsara haka, Nijeriya kuwa ta fara aiki da waɗannan ƙa'idoji a 2012.

A nan ne nake so a saurare ni da kyau, musamman waɗanda suka haɗa jari da 'yan'uwa. Wannan kadara ba kuɗi ba ce a banki. Ba a biyan ma'aikata da ita, ba a sayen gas da ita. Ba ta da amfani sai ranar da riba ta zo. Saboda haka ƙa'idar ta ce kada a rubuta ta sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili na zaton samun ribar da za ta haɗiye asarar, kuma a riƙa sake duba ta duk ƙarshen shekara, in zaton ya raunana a rage ta. Kamfanin da ya jera shekaru yana faɗuwa, kuma yana nuna wannan kadara tana ƙaruwa, masu hannun jarinsa su tambayi daraktoci daga ina ribar za ta fito. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Abu na biyu, asarar da ke littafin kamfani daban take da asarar da hukumar haraji za ta amince da ita. Kuɗin bikin 'ya da kujerar Makka da mai kamfani ya ɗiba daga aljihun kamfani ba sa cikin kuɗin gudanar da sana'a, za a fitar da su. Wanda ya cakuɗa aljihunsa da na kamfani ya ɓata hujjarsa da hannunsa.

Abu na uku, sai an kai bayani. Doka ta ba kamfani wata 6 bayan rufe lissafin shekara ya miƙa bayanansa, ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi. Ko ƙananan kamfanonin da aka yafe wa wannan haraji tun daga dokar kuɗi ta 2019, wajibi ne su miƙa. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, suka fara aiki a Janairun 2026, hukumar FIRS ta koma NRS. Kowa ya zauna da akantansa ya san matakin da kamfaninsa ya faɗa.

Mun saba da ɓoye asara don kunya, kada a ce wane ya karye. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ɓoye asararsa ya yi ta sau biyu, ya rasa dukiya, ya kuma rasa rangwamen da doka ta ba shi.

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce ta tattara akantoci da lauyoyi 'yan asalin yankinmu, su ware rana ɗaya a shekara su zauna da 'yan kasuwarmu, su nuna musu yadda ake adana rasit da rubuta shiga da fita. Kamfanin da ya tsira daga baƙar shekara shi zai ɗauki yaranmu aiki, shi kuma zai taimaka wajen gyaran makarantunmu.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.