Binciken Malaman Jami'a: Daga Kan Kanta Zuwa Bakin Kasuwa

An ce in yi magana kan yadda malamin jami'a zai isar da bincikensa ga jama'a. Tun da ni ma alli nake riƙewa, to ku yi haƙuri, da kaina zan fara.

A 2022 ƙungiyarmu ta ASUU ta yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A lokacin na sha jin mutanen unguwa suna cewa, wai su malaman nan me suke tsinana mana ne? Da farko abin ya yi mini ciwo. Daga baya na zauna na ga ai mutumin yana da gaskiyarsa. Kuɗin da ake bincike da su na al'umma ne, TETFund ma harajin da ake karɓa daga kamfanoni take rabawa. Amma idan mun gama, sai mu rubuta da Turancin da ko ɗalibanmu sai sun buɗe ƙamus, mu tura wata mujalla a waje, a ƙara mana girma, kundin kuma ya hau kanta yana shan ƙura. Wanda bai taɓa ganin amfaninka ba, ta yaya zai tsaya maka ranar da kake kuka?

Kada ku ɗauka wannan matsalar malamai ce kawai. Rayuka take ci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano, a gwajin da ya shafi yara 200, kuma 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa a 2003 jama'a suka juya wa allurar shan-inna baya, aka dakatar da ita a Kano har zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Sai da aka koma wurin sarakuna da malaman addini aka zauna da mutane, kafin a kai ga 2020 da aka tabbatar cutar ta bar Najeriya. Kun ga ke nan, ilimin da ba a yarda da mai shi ba, ko gaskiya ne, ba ya shiga gida.

To ina hanya? Ba sai mun je nesa ba.

Ku ɗauki Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse. Tukunyar ƙasa biyu ya haɗa, ƙarama cikin babba, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana bin iska yana tafiya da zafin, kayan miyar da ke ciki su yi sanyi ba tare da wutar lantarki ba. Da ya ga yawancin mutanen da yake nufi ba sa karatun boko, sai ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo, yana bin ƙauyuka da majigi da janareto yana nunawa da dare. A 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex. Malamin kwaleji ne fa, amma mu na jami'a muna da darasi a wurinsa.

Ga kuma buhun PICS na ajiye wake, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka. Leda biyu ce cikin buhu, a ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu, ba sai an barbaɗa guba ba. Da aka zo yaɗa shi, a gaban mutanen gari ake zuba waken a ɗaure, bayan watanni a sake taruwa a kwance buhun kowa yana kallo. Gani ya kori ji.

A Samaru, cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta iya masa, har feshi ya sauko zuwa kamar sau biyu a damina. Amma irin na cikin waɗanda aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma kun san irin muhawarar da ake yi a kai a Facebook. Manomi yana da haƙƙin ya yi tambaya. Idan masanin bai fito rediyo ya amsa da Hausa ba, har da faɗin inda iliminsa ya tsaya, to mai jita-jita zai amsa a madadinsa.

Ta fuskar siyasa kuwa, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman bai bar iliminsa na tarihi cikin aji ba. Ya yi lacca a bainar jama'a, ya yi rubutu a jaridu, ya yi muhawara da masu mulki har ya koma ga Allah a 2005. Ko ba ka yarda da shi ba, ka san abin da yake cewa.

Saboda haka ga abin da nake so ɓangarenmu ya ɗauka ya kai cikin manufofin jam'iyya. Duk binciken da aka yi da kuɗin gwamnati, a wajabta taƙaita shi a shafi ɗaya ko biyu cikin harshen mutanen da abin ya shafa, da boko da ajami. Wanda ya je ƙauye ya tambayi mutane, ya koma ya gaya musu abin da ya samo, a gaban dagaci da liman da matan gari. Gidajen rediyon jiha da na jami'o'i su ware fili duk mako, malami ya zauna a bugo waya a tambaye shi. Sannan jami'o'i su sa wannan aiki cikin ma'aunin ƙarin girma, don gaskiya ɗaya ce, malami ba zai ɓata lokacinsa kan abin da ba a lissafa masa ba.

Sai gargaɗi, kuma da mu nake. Kada mu mai da malami sojan baka. Idan bincikensa ya nuna gazawar abokan hamayya, mu yi ta yaɗawa, idan ya taɓo namu sai mu ce an saye shi. Ranar da muka fara haka, mun kashe abin da muke nema, domin yardar jama'a ita ce jarin malami, kuma in ta zube ba ta kwasuwa. Ku matasan da ke riƙe da shafukanmu, kafin ku ɗora wani adadi, ku tambayi wanda ya ƙirga da yadda ya ƙirga.

Kowace mazaɓa a nan tana da ɗan gari da ya yi digiri na biyu ko na uku. Kafin zamanmu na gaba, shugabannin mazaɓu ku nemo shi, ku shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ya gaya muku abin da ya bincika cikin minti 20, ku kuma ku yi masa tambaya ba kunya. Ni zan fara da tawa mazaɓar, in Allah ya yarda.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.