Shirinmu na Yau: Salala, Inda Ƙasar Larabawa Ke Yin Kore

Na kan hanya da na gida, kowa ya gyara zama, yau Oman za mu.

Idan aka ce ƙasar Larabawa, rairayi da zafi ne ke faɗo mana a rai, ko ba haka ba? To a kudancin Oman akwai yankin Zufar, babban birninsa Salala, kusan kilomita 1,000 daga Maskat. Duwatsu ne a jere a bakin teku, mutane kuma 'yan kaɗan. Daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba iskar damina daga tekun Indiya takan bugi duwatsun nan, sai yayyafi da hazo su sauka. Suna kiran lokacin Kharif. Mutanen Dubai na kukan zafi, nan kuwa ko'ina kore shar, sai ka ce Mambila.

Na fara da Wadi Darbat, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, raƙuma na kiwo cikin ciyawa hankali kwance. Bayan duwatsun, ɓangaren da yayyafin ba ya kaiwa, nan itacen lubban ke fitowa, ɗan uwan hanon da muke da shi a dajinmu. A shekarar 2000 UNESCO ta sa wuraren tsohon cinikin lubban ɗin cikin kayan tarihin duniya.

Amma ga abin da ya sa na yi wannan shirin. Kusan kilomita 40 yamma da Salala akwai gaɓar Mughsail. Akwai ramuka a jikin dutse, igiyar ruwa kan shiga ta ƙasa ta feso sama da ƙara. An kafa shinge, an rubuta gargaɗi. Ni kuwa neman bidiyon da zai tashi kan mabiya ya sa na tsallaka. Wallahi ban ga zuwan igiyar ba. Sai ji na yi na zube, gwiwa ta fashe, waya ta bi ruwa. Wani dattijo ne ya finciko rigata. Bai yi mini faɗa ba, teku kawai ya nuna mini ya girgiza kai. Daga baya na ji cewa ruwan wurin ya taɓa tafiya da mutane.

Kun gane, iskar da ke kawo koren nan ita ce ke haukata tekun. Don haka in Allah Ya kai ku a Kharif, kada ku shiga ruwa, kada ku haura shinge. In za ku hau hanyar duwatsu mai lanƙwashe-lanƙwashe da ta nufi iyakar Yaman, ku cika tanki tun daga Salala, ku kunna fitila, ku tafi a hankali, don raƙumi kan tsaya tsakiyar titi cikin hazo.

Wa ya taɓa yin ganganci saboda hoto? Ku faɗa mana gaskiya a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.