Dagi daga bangon fada zuwa fuskar kwamfuta

 

Duk wanda ya karɓi katin gayyatar wannan biki na cikar shekara 100 ya ga dagi a goshinsa. Shi ne dai dagin da magina suka ɗora bisa ƙofofin zaure a unguwar Birni ta Damagaram, wanda maɗinka ke sawa a ƙirjin babbar riga, dukawa kuma a jikin fata. A Nijeriya ana ce masa dagin Arewa. Abin da ya sake shi ne hannun da ke zana shi: yau samarinmu ne, a gaban kwamfuta, da Photoshop ko CorelDRAW.

Na'urar ta kawo sauƙi, ba mai musu. Yaro zai zana kusurwa ɗaya, ya kwafe ta, ya juya ta sau huɗu, sai ga siffa ta fito daidai kamar an auna da igiya. In launi bai yi ba, a sake shi nan take.

Amma dagi yana da ƙa'ida guda, kuma na'ura ba ta tuna wa kowa ita. Zaren da ya hau bisa ɗan'uwansa a wannan mahaɗa, dole ya bi ta ƙarƙashi a ta gaba. Hawa, sauka, hawa, sauka, har ya koma inda ya taso. Magini yana tayar da zanen da laka, inuwa ce ke nuna wanda ke sama. A fuskar kwamfuta babu wannan inuwa. Sai mai zane ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, ya goge gefen zaren da zai nutse. Wanda ya yi gaggawa sai ya bar zare ya hau sau biyu a jere, ƙulli ya kwance. Na sha ganin irin wannan a kan riguna da kalandu, kuma tsofaffi suna ganewa tun daga nesa, ko da ba su ce uffan ba.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. Kowace damana tana cinye wani bango, siminti yana rufe wani. A ba masu zanen nan izinin ɗaukar hoton duk dagin da ya rage a fada da gidajen hakimai, a zaunar da su gaban tsofaffin magina su duba aikinsu kafin a kai shi maɗaba'a, kwafi ɗaya kuma ya zauna a fada.