Ƙarami Ne Ko Kaɗan Ne? Turancin Cinikin Doya



Tun ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama hedkwata, takarda ta yi yawa a cikin cinikinmu. A kasuwa, tsakaninmu da Eggon da Alago da Tibi, Hausa ta ishe mu. Amma mai jiran motar doya a Legas ko Fatakwal da Turanci yake aiko saƙo, mu kuwa galibinmu allo da Islamiyya muka yi. Sai mu miƙa wa yaro ya karanta. To, a nan kuɗi ke zubewa.

Mu Hausawa ba mu haɗa ƙarami da kaɗan. Doya ƙanana daban, doya kaɗan daban. Bature ma haka yake. "Small" girman jiki yake nufi. "Few" na abin da ake ƙirgawa ne, kamar doya ko buhuna. "Little" kuwa, in ana maganar yawa, na abin da ake aunawa ne: riɗi, agushi, shinkafa, manja. Ya fi su duka ƙanƙanta "tiny", wato ɗan mitsitsi. In aka kira doyarka da wannan suna, an ce ba ta wuce iri ba ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne Turancin buroka, don shi "small" ɗaya ya ɗora wa komai. Mutum ya ce a aiko masa da "small yam". Ƙanana yake so, ko kuwa manya yake so amma ba da yawa ba? Ka loda ƙwarya biyar, doya 500 ke nan, ta isa can ya ce ba ita ya nema ba. Wa zai biya kuɗin mota? Ku tambaye shi ƙwarya nawa, kuma wane girma, ya rubuta da lamba. In ya ce zai biya "small small", kada ku yi murna, bashi ne za a riƙa tsakuro muku.

Akwai kuma harafin nan "a", da yara ke tsallakewa. Wanda kake bi bashi in ya rubuto yana da "a little money", akwai ɗan abin da ba a rasa ba, je ka karɓa. In ya ce "little money", babu harafin, kusan babu komai a hannunsa, kada ka ɓata kuɗin mota.

"Short" mun san shi da gajere. Amma a takardar karɓar kaya, in aka rubuta "short by ten", tsawon doya ba ya ciki. Cewa ake kayanka ba su cika ba, guda goma babu, kuma daga kuɗinka za a cire. Kada yaron mota ya sa hannu sai an sake ƙirgawa a gabansa.