Yaƙin Duniya na Biyu da Rabonmu a Cikinsa
Jawabi ga Jama'ar Ƙofar Na'isa

Yau zancenmu a kan yaƙin nan ne da kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila.

A ran 1 ga Satumba 1939 Jamus ta auka wa ƙasar Folan. Bayan kwana biyu Ingila da Faransa suka ɗaura yaƙi da ita. Daga baya Italiya da Japan suka bi Jamus, Rasha da Amurka kuwa suka tsaya wajen Ingila.

Wani zai ce, ina ruwan Bakano da faɗan Turawa? To, ku saurara. Da Faransa ta faɗi a 1940, sai hanyar kai jiragen sama Masar ta bahar Rum ta zama mai hatsari ƙwarai. Saboda haka aka riƙa kawo su a akwatuna Takoradi, a harhaɗa, su taso su sauka filin jirgin Kano, sa'an nan su wuce Maiduguri, da Hartum, har Alƙahira. Wannan kuwa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne.

Har wa yau, aka ɗebi samarinmu soja. A 1941 suna cikin rundunar da ta kori Italiya daga Mogadishu da Habasha. Daga nan aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ƙetare da su teku zuwa Indiya, suka shiga dazuzzukan Bama. Inda mota ba ta shiga, a ka suka ɗauki harsashi da abinci. A watan Janairu 1945 suka ƙwace garin Myohaung daga hannun Japan. Da yawa can aka binne su.

Na gida ma ba su huta ba. Aka matsa wa manoma su ƙara gyaɗa, gishiri da tufafi suka yi tsada. Tun daga 1942 aka yi ta tura talakawa haƙar kuza a Jos bisa tilas, watau ɗiban gwamna, sanyi da cuta suka kashe mutane da dama.

Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu 1945, Japan kuma a Agusta. Waɗanda suka komo sun ga duniya, idonsu ya buɗe, shekara 15 bayan haka Nijeriya ta sami mulkin kai.

Roƙona gare ku, jama'a, wanda ke da lambar yabo, ko hoto, ko takardar sallama ta kakansa a ƙasan adaka, kada ya bari gara ta ci. Ku fito da su, ku nuna wa yara, ku gaya musu sunan mai su. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.