Rigar Siliki da Nauyinta: Muƙamin Babban Lauya a Nijeriya



Bahaushe ya san sarauta iri biyu. Akwai ta gado, wadda ake haihuwar mutum a gidanta, akwai kuma wadda sarki kan naɗa wa baƙo ko bara saboda wata bajinta da ya nuna. Muƙamin da wannan lacca za ta duba ya fi kama da ta biyun, watau muƙamin da Turawan Ingila ke kira Lauyan Sarki, ko Lauyan Sarauniya idan mace ce ke kan gado.

Asalinsa a Ingila ne. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ɗauki Francis Bacon ya zama lauyanta na musamman, Sarki James na Ɗaya kuma ya tabbatar masa da muƙamin a rubuce a 1604. Da farko aiki ne na kare haƙƙin fada a gaban shari'a, sannu a hankali ya koma lambar girma ga lauyan da ya gawurta. Alamarsa rigar siliki ce, a maimakon irin rigar da sauran lauyoyi ke sawa. Sunan kansa yana bin mai sarauta, shi ya sa da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta rasu a 2022, nan take duk Lauyoyin Sarauniya suka koma Lauyoyin Sarki.

Mulkin mallaka ya kawo wannan al'ada Nijeriya. A 1958 aka naɗa 'yan ƙasa na farko, watau Cif Rotimi Williams da Cif H. O. Davies. Da ƙasar ta zama jamhuriya a 1963, sai naɗin ya rasa mai yinsa, tun da Sarauniya ta daina zama shugabar ƙasa. A 1975 aka farfaɗo da shi da sabon suna, Babban Lauyan Nijeriya, wanda ake taƙaitawa da SAN. Williams ɗin nan da Dokta Nabo Graham-Douglas suka fara samunsa, mace ta farko kuwa ita ce Folake Solanke a 1981. Wani kwamiti ne ke zaɓe, ƙarƙashin Babban Jojin Ƙasa, kuma sai lauya ya shekara 10 da shiga aikin kafin a dube shi. Wanda ya samu yakan zauna a sahun gaba a kotu, a kuma kira ƙararsa kafin ta sauran. Jihar Kabi ma ba a bar ta a baya ba: Abubakar Malami, haifaffen Birnin Kabi, ya sami muƙamin a 2008, ya kuma riƙe Ministan Shari'a daga 2015 zuwa 2023.

To, ina ruwan mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama da wannan riga? A nan ne maganar take. Abin da ake ƙirga wa mai neman muƙamin shi ne shari'o'in da ya yi a manyan kotuna, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli. Amma rigimar manomin albasa na Aliero kan iyakar fadama, da ta ɗan kasuwar Jega kan bashi, da ta gwauruwar Maiyama kan gadon marayunta, yawanci a kotun alƙali ko ta majistare suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa. Kafin ƙara ta kai Birnin Kabi, balle Sakkwato ko Abuja, guzurin talaka ya ƙare. Saboda haka lauyan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaya wa irin waɗannan mutane zai iya tsufa bai tara abin da kwamiti ke nema ba, wanda ya tara kuwa kuɗin aikinsa ya fi ƙarfinsu.

Wannan yanki yana cikin ƙasar Gwandu, kuma ba baƙo ba ne ga tunani kan shari'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki, inda ya nuna cewa riƙon al'umma amana ce da za a tambayi mai ita. A al'adar fada ma, ranar da aka naɗa wa mutum rawani ake yi masa gargaɗi da riƙon talakawa. Ƙa'idojin muƙamin Babban Lauya sun kama hanyar haka, domin suna neman shaidar cewa mai nema ya taɓa tsaya wa marasa hali kyauta. Sai dai sharaɗin neman riga ne kawai, alhali bayan an sa ta ne ya kamata aikin ya ƙaru. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ɗaliban da ke burin wannan riga su neme ta da gaske, gama ƙasar nan tana bukatar ƙwararru. Ma'aikatan da ke tsara dokoki kuma su duba yadda za a riƙa lissafa wa lauya wahalar da ya sha a ƙananan kotunan karkara. Idan an yi haka, manomin Maiyama zai san cewa rigar nan da shi aka ɗinka ta.